Araha Ba Ta Ado? Magana A Kan Majigin Zane Na Da

Hausawa sun ce araha ba ta ado. A kasuwa maganar nan ba ta da ja, gama duk wanda ya taɓa sayen rinin da bai sha baba ba ya san abin da wankin fari ke tonawa. Amma akwai wata sana'a wadda ta ke neman gardama da wannan karin magana, ita ce sana'ar majigin zane, wanda Turawa ke kira katun. Watau majigin da ba a ɗauki hoton mutum ko dabba mai rai a cikinsa ba, sai dai a zana su da alƙalami, a jera zanen bi da bi, a haska da sauri har ido ya ɗauka motsi su ke yi.

Tsakanin 1920 da 1965 an yi dubban irin wannan majigi a Amurka, gajeru-gajeru, galibi na minti shida ko bakwai. Kaɗan daga ciki an kashe musu dukiya mai yawa. Sauran kuwa cikin tsumulmula da gaggawa aka yi su, don a cika wuri kafin babban fim ya fara a gidan sinima, ko don a shagaltad da yara a gaban talabijin. Masu yinsu ba su zaci za a sake waiwayarsu ba. Ga shi kuwa har yau ana kallonsu a intanet, ana sake wanke tsofaffin, ana rubuta littattafai a kansu. To, kyau ne da su na gaskiya, ko kuwa begen ƙuruciya ne kawai ke sa tsofaffi yabonsu? Kafin a yanke hukunci, sai a fara sanin abin da ke cin kuɗi a sana'ar.

ABIN DA KE CIN KUƊI

Fim mai magana yana haska hoto 24 cikin ko wane sakan guda. In mai karatu ya buga lissafi zai ga majigin minti bakwai yana da hoto 10,080. In an ce ko wane hoto sai an yi masa zane nasa dabam, ai aikin ya zama na kashe kai. Saboda haka ko manyan ma'aikatu su kan ɗauki zane guda sau biyu, ya zama zane 12 cikin sakan. Duk da haka, dabba guda da ke motsi daga farkon majigi zuwa ƙarshensa tana bukatar zane 5,040.

A 1914 wani Ba'amurke mai suna Earl Hurd ya yi rajistar wata dabara wadda ta rage wahalar. Maimakon a riƙa zana gida da itatuwa da hanya a ko wane hoto, sai a zana su sau ɗaya tak, a shimfiɗa. Abin da ke motsi kuwa a zana shi a kan wata irin takardar roba garai-garai kamar gilashi, a ɗora bisa wancan, a ɗauki hoto, a cire, a ɗora mai bi masa. Amma ko wace takardar roba sai wani ya zana ta da fensir tukuna, wani ya cike tsakanin wannan motsi da wancan, wata ta bi layin da tawada, wata ta juya bayan ta shafa launi. Galibin masu tawada da launin nan mata ne, kuma su ne masu ƙaramin albashi. Ashe kuɗin majigin zane duk a hannun mutane ya ke tafiya. Wanda ke son araha ba shi da hanya sai ya rage yawan zane, ko ya rage lokacin da a ke ba mai zane, ko ya rage ladansa. Duk ukun an yi su.

Ma'aunin da a ke gwada kowa da shi a wancan zamani shi ne Walt Disney. Shi ya buɗe wa ma'aikatansa ajin koyon zane, ya sa a riƙa ɗaukar hoton zanen fensir a duba motsinsa tun ba a sa tawada ba, abin da bai gamshe shi ba a yaga a sake. Ya fara majigi mai cikakken launi a 1932, kuma a 1937 ya fitad da dogon fim na Snow White, wanda ya ci kusan dala miliyan ɗaya da rabi. Aikinsa kamar riga ce mai aska takwas, ba wanda zai gan ta ya raina maɗinkin. Sai dai ba kowa ke da halin irin wannan ɗinki ba, kuma gidajen sinima na neman sabon majigi ko wane mako.

MAI KANTIN TALAKAWA

In ana zancen araha, sunan da ya kan fara zuwa shi ne Paul Terry, mai ma'aikatar Terrytoons, wadda ta daɗe a garin New Rochelle kusa da New York. Shi kansa bai ɓoye ba. An sha ruwaito shi yana kwatanta Disney da kantin masu sayad da lu'ulu'u, kansa kuma da kantin kayan sisi da kwabo. Majigi 26 ya ke fitarwa a shekara, watau ɗaya ko wane mako biyu, ba fashi. Ba ya ɓata lokaci wajen gwajin fensir. Bai taɓa launi ba sai 1938, shekara shida bayan Disney. Mutum guda, Philip Scheib, shi ya yi ta tsara masa kiɗa har shekara wajen talatin. In an taɓa zana kyanwa ta faɗa ruwa, to, an ajiye zanen ke nan, gobe ma da shi za a yi aiki, har da ƙarar ruwan.

Aibin wannan hanya a fili ya ke. Wanda ya ga majigi biyar na Mighty Mouse, ɓeran nan mai ƙarfin tsiya da aka ƙirƙira a 1942, ya ga hamsin. Ɓeraye na zaune lafiya, kyanwowi su auka musu, a yi kururuwa, jarumi ya sauko daga sama ya yi ta naushi, a tashi. Ba a ba mai zane sarari ya yi tunani ba, balle ya gyara. Ma'aikatan sun yi yajin aiki na watanni a 1947. A 1955 Terry ya sayad da ma'aikatar ga kamfanin CBS a kan dala miliyan uku da rabi, ya kama gabansa, waɗanda suka tsufa a kan teburinsa ba su sami kaso ba. Duk mai yabon majigin araha ya kamata ya tuna da wanda arahar ta ci.

Amma abin mamaki, rashin kulawar mai gida ya buɗe wata ƙofa. Tun da Terry ba abin da ya dame shi sai a cika adadi a kan lokaci, ba mai tsayawa a kan ma'aikaci ya ce masa hancin nan ya yi tsawo. A nan wani mai zane, Jim Tyer, ya sami filin sukuwa. In ya karɓi kyanwa, sai ta narke kamar kakin zuma, idanunta su rabu, jikinta ya tsuke ya koma ɗan dunƙule, sa'an nan ya watse, duk cikin sakan biyu. A gidan Disney da an mayar masa da takardunsa. A gidan Terry aka ɗauka haka nan, don ba lokacin sakewa. Yau masu koyon sana'ar su kan tsai da majigin hoto-hoto don su ga yadda ya yi, kuma mai kallo da ya saba ya kan gane hannunsa nan take, kamar yadda a ke gane rubutun malami ko bai sa suna ba.

Haka kuma Heckle da Jeckle, tsuntsaye biyu masu kama da hankaka, waɗanda suka fito a 1946. Kamarsu ɗaya sak, abin da ya sauƙaƙa zane ke nan, sai aka bambanta su da murya, ɗaya na magana kamar Baturen Ingila, ɗaya kamar ɗan tashar New York. Halinsu na Gizo ne, ga wayo ga rashin kunya. A wani majiginsu mai suna The Power of Thought, ɗaya ya gaya wa ɗan'uwansa cewa tun da su zane ne, duk abin da suka raya a zuci sai ya auku. Suka yi ta wasa da wani karen ɗan sanda, har shi ma karen ya gane asirin, ya yi nasa tunanin, ya kama su. Wannan dabara ba ta ci ko kwabo fiye da sauran ba, amma ta fi majigi da yawa masu tsada tsayawa a rai.

A ma'aikatar 'yan'uwan nan biyu, Max da Dave Fleischer, masu Popeye, an sami wani abu mai kama da wannan. Su sai sun gama zane sa'an nan a ɗauki murya. Mai muryar Popeye, Jack Mercer, in ya ga wurin da bakin bai motsa ba, sai ya cika shi da ƙunƙuni, yana zuba ba'a ƙasa-ƙasa wadda ba ta cikin rubutu. Bisa ƙa'ida kuskure ne mutum ya yi magana bakinsa a rufe. Amma ƙunƙunin nan shi ne gishirin Popeye, kuma da aka gyara aikin daga baya, baki ya dace da murya, sai daɗin ya ragu.

MASU RAGE ZANE DA GANGAN

Waɗancan larura ce ta sa su. Akwai kuma waɗanda suka zauna suka yi shawara cewa yawan zane ba shi ne kyau ba. A 1942 Chuck Jones na ma'aikatar Warner ya yi wani majigi, The Dover Boys, inda mutum zai tsaya ƙyam kamar gunki, sa'an nan ya koma wata tsayuwar da zane biyu ko uku kawai, waɗanda aka ja su kamar an shafa ɗanyen fenti da hannu. Ido ba ya ganin shafar, sai dai ya ji saurin. Aka gane ashe tsayawa cik ma tana ba da dariya, in an san lokacin da za a motsa.

Waɗanda suka kai abin ƙarshe su ne mutanen UPA, ma'aikatar da waɗansu tsofaffin ma'aikatan Disney suka kafa bayan yajin aikin 1941. Majiginsu na 1950, Gerald McBoing-Boing, labarin wani yaro ne da ba ya iya magana, in ya buɗe baki sai ƙarar ƙararrawa ko ta jirgin ƙasa ta fito. Makaranta ta kore shi, yara suka yi masa dariya, ubansa ya daka masa tsawa, ya gudu daga gida cikin dare, har mai gidan rediyo ya tsince shi ya ba shi aiki. Ɗakin da ya ke ciki ba bango, ba daɓe, launi guda ne aka shimfiɗa, aka ja layin ƙofa da na fitila. In yaron na murna sai launin ya yi haske, in ya shiga baƙin ciki sai duniyar duka ta yi duhu. Majigin ya ci lambar girma ta Oscar. A nan ya kamata a lura da abu guda: aikin UPA ba koyaushe ya ke da araha ba, gama lokacin da suka rage wajen zane sun mai da shi wajen tunani. Waɗanda suka biyo bayansu da yawa sun ɗauki ragin, sun bar tunanin.

ZAMANIN TALABIJIN

A 1948 babbar kotun Amurka ta hana kamfanonin fim tilasta wa gidajen sinima sayen kayansu a dunƙule. Da, mai sinima in yana son babban fim dole ya haɗa da gajerun. Da aka raba, sai ya ƙi biyan abin kirki a kan majigin minti bakwai. Kasuwa ta fara mutuwa. A 1957 kamfanin MGM ya lura tsohon majigi in an sake fitad da shi yana kawo kusan abin da sabo ke kawowa, sai ya rufe sashen zanensa. Cikin waɗanda suka rasa aiki har da William Hanna da Joseph Barbera, masu Tom and Jerry, wanda ya ci Oscar har sau bakwai.

Suka nufi talabijin. A MGM majigi guda ya kan ci fiye da dala 30,000. A talabijin aka ba su wajen dala 3,000 a kan minti biyar na Ruff and Reddy, wanda ya fara fita a ƙarshen 1957. Daidai ruwa daidai tsaki. Suka yanyanka jikin dabba: gangar jiki a takarda guda ba ta motsi, kai a wata, baki a wata, ido a wata. In ana magana baki kaɗai za a sake. Dalilin da ya sa Yogi Bear ke sanye da kwala da laktaye alhali ba shi da riga ke nan, don kwalar ta ɓoye mahaɗar kai da jiki. In ana gudu cikin ɗaki, sai a riƙa jan hoton baya guda ana maimaitawa, har mai kallo ya ga tebur ɗaya da taga ɗaya sun wuce sau biyar. In za a yi karo, sai a yi shi a bayan fage, a girgiza hoton, a saki ƙarar faɗuwar kwanoni.

Chuck Jones ya yi wa irin wannan aiki ba'a, ya ce rediyo ne aka yi wa zane. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, gama in an kashe murya ba abin da ya rage. Amma ba'ar tana ɗauke da yabo wanda bai nufa ba. Tsohuwa mai tatsuniya ba ta da komi sai murya, tana zaune wuri guda cikin duhu, amma in ta maƙale harshe ta yi maganar Gizo, yara na ganinsa ƙiri-ƙiri. Haka Daws Butler ya yi wa Huckleberry Hound, karen nan shuɗi mai sanyin magana, wanda ko dutse ya faɗo masa ba ya ɗaga murya. Ed Benedict kuma ya tsara surar dabbobin da layi mai kauri, yadda za su fito sarai a ƙaramin akwatin talabijin marar launi na wancan zamani. Huckleberry Hound ya fito a 1958, ya ci lambar Emmy a 1960, shi ne majigin zane na farko da ya same ta. Aikin shekarun farkon nan yana da kyau na haƙiƙa. Daga baya da kamfanin ya yi girma, ya riƙa zubo majigi kamar bulo daga maƙera guda, sai dabarar ta zama lalaci.

Wanda ya fi kowa nuna iyakar abin da magana za ta iya ɗauka shi ne Jay Ward. Shi da Alex Anderson suka yi Crusader Rabbit, majigin zane na farko da aka shirya musamman domin talabijin, wanda kusan hotuna ne tsayayyu. A 1959 ya fito da Rocky da Bullwinkle, wani kurege mai tashi sama da abokinsa, wata irin babbar barewa mai ƙaho kamar reshe, ga ta da wauta. Don araha aka kai zanen birnin Mexico, ya riƙa dawowa da kurakurai, launin riga ya sake tsakanin hoto da hoto, gashin baki ya ɓace ya dawo. Amma Bill Scott da abokan rubutunsa sun cika shi da habaici a kan 'yan leƙen asiri, da sojoji, da 'yan majalisa, a lokacin da Amurka da Rasha ke zaman doya da manja. Yaro na dariyar faɗuwa, ubansa na dariyar zambo, ba wanda ya kula da gashin bakin.

Don kada a ce duk araha alheri ce, sai a dubi Clutch Cargo, shi ma na 1959. Masu shi suka ga ko zanen baki ya yi musu tsada, sai suka ɗauki hoton leɓen mutum na gaske yana magana, suka manna a fuskar zane wadda ba ta ko ƙiftawa. Abin ya fito kamar gawa mai motsa baki. Labarin kuma ba shi da wani armashi da zai rufe asiri. Masu kallonsa yau don al'ajabi su ke kallo, kamar yadda a ke taruwa a kan ɗan akuya mai ƙafa biyar.

WAJEN AMURKA

Amfanin da ya fi girma shi ne, hanyar araha ta buɗe sana'ar ga ƙasashen da ba su da dukiyar Disney. A birnin Zagreb, wanda a lokacin ke cikin Yugoslabiya, yau kuwa shi ne babban birnin Kuroshiya, Dušan Vukotić ya yi Surogat a 1961. Wani mutum ne mai siffar dala ya je bakin teku, duk abin da ya ke so sai ya hura shi kamar balan-balan, har da budurwa. Da zai koma gida motarsa ta taka ƙusa, sai ga shi shi kansa iska ce a ciki. Shi ne gajeren majigin zane na farko daga wajen Amurka da ya ci Oscar, a 1962. A Japan kuma Osamu Tezuka ya fara Astro Boy a talabijin a 1963, da zane takwas cikin sakan ko ƙasa da haka, kuma daga wannan tsumulmula babbar sana'ar zanen ƙasar ta taso.

A Nijar ma an yi. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942, ya fara ne da wasan inuwa da fitila tun yana yaro, daga baya ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren, gwanin da ya kan yi zane a jikin fim ɗin kansa ba tare da kyamara ba. A 1966 Alassane ya yi Bon Voyage Sim, majigin minti biyar, baƙin layi a kan fari. Shugaban wata jamhuriyar kwaɗi ne ya tafi ziyara maƙwabciyar ƙasa, aka tarye shi da fareti da bushe-bushe da dukan ƙasaitar da sababbin shugabannin Afirka suka gada daga Turawa. Kwaɗin sojan nan da ke maci, zane kaɗan ne a ke ta maimaitawa, kuma maimaicin shi ne ba'ar, gama fareti dai maimaici ne. Alassane ya zauna a Tawa shekaru da yawa yana aikinsa da kayan da ya harhaɗa da hannunsa, ya rasu a 2015. Da ya jira sai ya sami ma'aikata ɗari da takardar roba dubu goma, da bai yi ko ɗaya ba.

ABIN DA BA YA YABUWA

Akwai wani aibi wanda ba a rufe shi da cewa zamani ne. Majigin Amurka na 1930 zuwa 1950 cike ya ke da wulakanta baƙar fata. A kan zana baƙin mutum da leɓe kamar faifai, rago, matsoraci, ɗan caca. Mutumin Afirka kuwa ba a san shi da komi ba sai ƙashi a gashi da tukunyar dafa baƙo, kamar yadda aka yi a Jungle Jitters na 1938. Larabawa da mutanen Sin da na Japan su ma sun sha nasu. A 1968 kamfanin United Artists ya janye majigi goma sha ɗaya na Warner daga talabijin saboda wannan, Jungle Jitters na cikinsu. Masu tsada da masu araha duk sun yi wannan laifi. Sai dai gaggawa tana ƙara shi, domin wanda aka ba mako biyu ya kawo abin dariya, abin da ke kusa da hannu ya kan ɗauka, abin da ke kusa da hannu a Amurkar wancan zamani kuwa shi ne raini. Uban da zai kunna wa 'ya'yansa tsofaffin majigin nan, waɗanda da yawansu haƙƙin mallakarsu ya faɗi har kowa na iya yaɗa su, ya kyautu ya riga su gani.

HUKUNCI

To, ina aka kwana? Galibin majigin araha na da ba su da kyau, kuma ba laifi a faɗi haka. An yi su ne don a cika mako, sun cika, aikinsu ya ƙare. Begen ƙuruciya na sa mutum ya ga zinariya inda babu sai gwangwani. Amma waɗanda suka yi kyau a cikinsu, kyansu na gaskiya ne, kuma iri ne wanda kuɗi ba ya saye.

Na farko, ana ganin hannun mutum a cikinsu. Aikin da ya bi ta hannun masu dubawa goma ya kan fito sumul, amma ba a san na wane ne ba. Na araha kuwa ba a goge sawun mai shi ba, ko gwaninta ko kuskure duk suna nan. A zamanin da kwamfuta ke iya fitad da hoto marar aibi ko ɗaya, layin da ya ɗan karkace ya zama abin marmari, kamar yadda mai kwanon Sin ya kan yi sha'awar ƙwaryar da aka yi wa zane da wuƙa. Na biyu, rashi ya tilasta wa masu yinsu zaɓe. Wanda ke da zane dubu biyar ya kan motsa komi don yana iyawa. Wanda ke da ɗari biyar dole ya tambayi kansa wane motsi ne labarin ba ya tafiya sai da shi, ya zuba ƙarfinsa a nan. Na uku, suna barin wa mai kallo nasa aiki. Karon da aka yi a bayan fage, kowa ya zana shi a zuciyarsa yadda ya ga dama, kuma sau da yawa na zuci ya fi ban dariya.

Saboda haka mai son ya auna irin wannan majigi kada ya tsaya ƙidayar zane. Ya duba ya gani, abin da aka rage, an mai da wani abu a gurbinsa? Terry ya rage lokaci, Tyer ya cika gurbin da haukan alƙalami. Hanna da Barbera sun rage motsi, suka biya da murya da kyan sura. Ward ya bar zane ya lalace, ya biya da kaifin magana. Alassane ba shi da komi, ya biya da idon da ya ga abin dariya a fadar shugaban ƙasa. Masu Clutch Cargo sun rage, ba su biya da komi ba, shi ya sa nasu ya zama abin nuni. Haka kuma majigi mai tsada da ya ƙare ba a tuna komi a cikinsa ba, sai a tambaye shi, in ba ƙira me ya ci gawayi?

Karin maganar dai ba ta faɗi ba, gama arahar kanta ba ta taɓa yi wa majigi ado ba. Mutanen da aka matsa ne suka nemi mafita, waɗansu suka samu, da yawa ba su samu ba. Saurayin da ke da fensir da takarda da wayar hannu mai ɗaukar hoto, yana da kayan aikin da suka fi na Alassane a 1966. In yana da labarin da ya isa a saurara, ƙarancin zane ba zai hana a kalla ba. In kuwa babu labarin, sai ya fara neman sa tukuna, kafin ya feƙe fensir.